Awa Ɗaya da Minti Tara Zuwa Wurin Rifkatu

Alhamis: ƙauyenmu, bayan Nok

Ranar Alhamis ce, tsakiyar damina, shekara uku da fitowar naira. Ƙarfe biyar saura kwata na asuba mu uku ne a tsakar gida: ni, da mahaifiyata, da Baba Ayuba, ƙanin mahaifinmu, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar wansa. An ɗaure kaya, fitila tana kan turmi, ni kuma ina riƙe da takardar da na tsara tafiyar a kanta.

Ga abin da ya tashe mu. Ran Litinin waya ta same ni a gidan rediyo a Kaduna, inda nake fassara labarai. Istifanus ne, mijin ƙanwata Rifkatu, daga Ikko. An yi wa Rifkatu aiki ran Juma'a, an ciro 'ya mace. Jaririyar tana lafiya. Uwar ce ta ƙi cin komai tun ranar, sai ruwan da ake ƙara mata ta jijiya. Nono bai kawo ba, ba ta kuma cewa komai sai kiran Mama. Likita ya ce ɗinkin yana kamawa, amma in ba ta ci ba jikin ba zai ɗauka ba. Istifanus ya ce in kawo Mama, ta jirgin sama.

Na samu kujera biyu a jirgin Juma'a mai tashi daga Kaduna ƙarfe goma da rabi na safe. Mai sayar da tikiti ya ce in wannan ya wuce mu, babu wuri sai Talata. Na lissafa: Juma'a kwana bakwai ke nan Rifkatu ba ta ci ba, Talata kuwa goma sha ɗaya.

Tsarin takardata mai sauƙi ne. Mu bar gida ƙarfe biyar, mu taka mil biyar zuwa Kwoi, mu kama motar bakwai da rabi, mu isa Kafanchan kafin jirgin ƙasa na sha ɗaya, mu kwana a Kaduna cikin natsuwa.

"Mu tafi, Mama," na ce. Da yarenmu muke magana da ita. Na mai da shi Hausa a nan.

"Mu tafi ina? Ban yi sallama ba."

A wurinmu, mai tafiya mai nisa ba ya fita sai ya shiga kowane gida a unguwa. Zai durƙusa ya ce in ya yi wa wani laifi a gafarta masa, su ma su nemi tasa gafarar, su sa masa ɗan abu a kaya. Ba a yin ta tun jiya, ba a aika wani. Sai ranar tafiya, kaya a ɗaure. Na san wannan sarai, amma na ɗauka addu'ar da matan zumunta na majami'a suka zo suka yi mata da yammacin Laraba ta wadatar. Gidajen unguwarmu goma sha bakwai ne.

"Mama, daga Kaduna zuwa Ikko awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Zuwa kasuwar Kwoi ya fi shi daɗewa."

"In kusa ne haka, me ya hana Rifkatu zuwa shekara biyu?"

Baba Ayuba ya rage fitila ya zauna a kan kujera, alamar shi ma ba ya nan a maganar sauri.

Ta fara ƙarfe biyar da minti ashirin, da aka soma buɗe ƙofofi. Ina biye da ita da kwando. Gidan farko minti bakwai. Gida na biyu goma sha biyu, domin tsohuwar gidan tana da jika soja a Ikko, kuma ta ce lallai Mama za ta gan shi a hanya, dogo ne, yana da tabo a goshi. Wannan gida acca, wancan busasshiyar citta, wancan daddawa a ganye, wani ƙwai uku dafaffu. A gida na tara na daina duba agogo, domin motar bakwai da rabi ta riga ta zama labari.

Ƙarfe takwas da minti goma muka gama gida na goma sha shida. Saura ɗaya, a bakin hanyar fita, mai itacen gwanda a ƙofa. Gidan Mama Tabita ne. Mama ta tsaya nesa da shi kamar taku goma.

Dole in yi bayani a nan. Yayanmu Dauda ya shiga soja a farkon yaƙin basasa, shi da Markus, ɗan Mama Tabita. Da asuba suka sulale, babu wanda suka gaya wa. Bayan yaƙi Markus ya dawo, Dauda bai dawo ba. Mama ta riƙe cewa Markus ne ya ja shi, kuma shekara tara ba ta taka ƙofar gidan nan ba. A majami'a kowacce da gefenta. Sai a safiyar nan, ina tsaye da kwando, na gane abin da ya sa Mama ba ta taɓa zuwa wurina a Kaduna ba, ta kuma ƙi raka Rifkatu ɗakinta lokacin aure. Mun sha cewa tsoron jirgi take yi. Ashe ƙofa ɗaya ce.

Na ga hanyar da za ta fisshe mu duka, na miƙa mata. Na juya wajen Baba Ayuba na ce, "Baba, da me ake auna tafiya mai nisa? Da tsawon ƙasa ko da lokaci?"

Ya sosa gemu. "Mu dai da kwana muka san ana aunawa. In za a kwana biyu a hanya, ta yi nisa."

"To jirgin ƙasa zuwa Ikko kwana biyu ne, wannan gaskiya. Amma mu ba shi za mu bi ba. Mil ɗari huɗu ne ta sama, awa ɗaya da kamar minti goma. Ko rana ba za ta karkata ba."

"In haka ne," in ji Baba Ayuba, yana kallon ƙasa, "uwar Dauda, goma sha shidan da kika yi ma alheri ne. Babu wanda zai ce kin bar wani abu."

Mama ta dube shi, ta dube ni. Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Kai ka auna da agogo, shi ya auna da kwana. Ni ƙafata ce za ta bar ƙasa. Zan je in taɓa jinjiri da hannun nan."

Ta shiga. Mu muka tsaya ƙarƙashin gwanda. Ba mu ji komai daga ciki ba, sai akuya. Minti arba'in ta yi. Da ta fito idanunta sun yi ja, Mama Tabita tana biye da ita, ta karɓi ƙunshin kayan daga hannun Baba Ayuba ta ɗora a kanta, ta raka mu har rafi. A can suka rabu ba tare da wata doguwar magana ba. Ƙarfe tara saura minti biyar.

Kwoi da Kafanchan

Mil biyar ɗin nan Mama ta cinye su a awa ɗaya da minti talatin da biyar, tana gaba ina baya. Gonakin citta a dama da hagu sun yi kore, an lulluɓe kunyoyin da ciyawa. Ban tambaye ta abin da ya faru a gidan Mama Tabita ba.

A Kwoi tasha fayau. Wata mai ƙosai ta ce motar safe ta tafi tun tuni, sai ko ta yamma in Allah ya kawo ta. Ƙarfe sha biyu saura kwata wata akori-kura ta fito daga bayan kasuwa da buhunan masara, za ta Kafanchan. Na tsai da ita. Direban ya ce gaba a cike yake, sai baya.

Mama ta matsa kusa da tagarsa, ta yi masa Hausarta. "Ɗana, yarinya na ya haihu a Legas, ba ya cin abinci. Za mu shiga jirgi na sama."

Ya dube ta daga ɗankwali har takalmin roba. Sai ya ce wa mutumin da yake kusa da shi, "Oga, koma baya ka sha iska. Mama za ta hau jirgin sama, bari ta fara koyon zaman gaba."

Mil ashirin da biyar ne zuwa Kafanchan, hanyar jar ƙasa da ruwa ya zaizaye. Mun shiga gari ƙarfe ɗaya da minti ashirin, na ce a wuce da mu tashar jirgin ƙasa kai tsaye, ko Allah ya sa ya yi latti. Ya yi lattin kuwa, awa ɗaya da minti goma, amma ya tashi tun sha biyu da minti goma. Ma'aikacin da yake bakin taga ya ce na fasinja mai zuwa Kaduna sai gobe da rana.

Na tsaya a dandamali ina kallon layukan dogo inda suka rabu, wannan ya yi Jos, wannan ya yi kudu, namu ya yi yamma babu kowa a kansa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Mama, da yanzu mun wuce Zonkwa."

"Na sani," ta ce. Ta ɓare ƙwai ɗaya ta miƙo mini. "Ci. Tun asuba kake cin agogo."

A tashar mota an ce ƙananan motocin Kaduna duk sun tashi da safe. Saura babbar mota guda mai bodin katako, an loda mata doya da buhunan citta, fasinja a kan kaya. Direbanta Ɗanladi, gajere mai fara'a, ya ce in hanya ta yarda za mu kwana a Kaduna. Na tambaye shi in ba ta yarda ba fa. Ya ce to za mu kwana inda ta yarda. Ya ba mu gaba. Mun tashi ƙarfe uku saura minti ashirin.

Zonkwa zuwa Kachia

Zonkwa ƙarfe huɗu da minti biyar. An sauke mutum shida, an ɗauki tara da akuya biyu. Muna fita gari hadari ya haɗo daga gabas, kafin mil uku ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na bayan suka ja tamfol. Ɗanladi ya koma giya ta biyu, yana goge gilashi da hularsa.

"Malam, kai da kake aikin rediyo, da gaske ne jirgin nan awa ɗaya yake yi zuwa Legas?"

"Da 'yan mintoci."

"Ni kwana biyu nake yi da motar nan in na kai citta, in ba ta yi fushi ba. To su ba sa tsayawa sayen rogo a hanya?"

Mama ta yi dariya, karo na farko a ranar.

Mun shiga Kachia ƙarfe bakwai saura minti goma, gari ya soma duhu. Motocin da suka fito daga wajen Kaduna suka ce wani rafi a gaba ya haura kan kwalbati, ba a ganin bakinsa. Ɗanladi ya kashe mota. Ya ce fitilarsa ɗaya ce take kamawa, ba zai sa mutane arba'in a ruwan da bai ga ƙarshensa ba. Na ce masa jirginmu goma da rabi ne, ana kuma rufe karɓar tikiti ƙarfe goma. Saura mil sittin.

"Biyar da rabi ina kan sitiyari," ya ce. "In ruwan ya janye, tara tana yi muna Kaduna. Ka bar sauran ga Mai Sama."

Ya kai mu gidan wani fasto da ya sani a bayan tasha. Matar faston ta karɓe mu kamar an aiko mata tun jiya, ta kawo tuwon masara da miyar karkashi, ta ɗumama wa Mama ruwan wanka. Bayan cin abinci aka yi gajeriyar addu'a, faston ya ambaci Rifkatu da sunanta sau biyu. Wajen ƙarfe takwas ni da Mama muna zaune a baranda, ruwa yana ɗiga daga kwano, ta yi maganar da kanta.

"Ya yi sallama."

"Wa?"

"Dauda. A asubar da suka tafi, ya shiga wurin Tabita. Ya durƙusa. Ya ce ba zai iya zuwa wurina ba, domin in na ce kada ya tafi, ba zai iya tafiya ba. Ya ce ta roƙa masa gafarata." Ta murza yatsunta. "Sau biyu ta zo ƙofata a shekarar, na juya mata baya. Sai ta ce za ta ajiye har ranar da zan shigo da ƙafata."

Dauda ne ya koya mini hawa keke.

"Kin gafarta masa?" na tambaya.

"Yau da safe. Shi ne ya ci minti arba'in naka."

Juma'a: Kachia zuwa filin jirgi

Ɗanladi ya cika alkawari, biyar da rabi daidai ya tayar da mota. Matar faston ta biyo mu da kunu a kwalba. Rafin ya janye, ya bar laka da karmami a kan kwalbati. Fasinjoji suka sauka suka taka, motar ta haura a hankali, aka sake hawa. Wannan ya ci minti ashirin da biyar.

Kafin shiga Kaduna akwai shingen sojoji, motoci bakwai a gabanmu, ana sauke kaya ana dubawa. Ƙarfe tara saura minti goma. Wani kofur ya zo tagarmu. Mama ta yi abin da na lura tana yi wa kowane soja tun Kafanchan: ta leƙa fuskarsa da kyau, ta tambaye shi garinsu. Ya faɗi wani ƙauye kusa da Kwoi. Ta gaishe shi da yarenmu, ya cire hannu daga bindiga ya amsa da ladabi, har da rusunawa. Na nuna masa tikitinmu da lokacin da yake jiki. Ya je ya yi magana da sajensa, suka zo suka duba motarmu kafin sauran. Da za mu wuce Mama ta zura hannu a kwando ta ba shi ƙwan da ya rage.

Ɗanladi ya sauke mu bayan gada ƙarfe tara da minti ashirin, ya tsayar mana da tasi da kansa. "Mama, in kin hango motata daga sama ki ɗaga hannu." Mun isa filin jirgi da ke hanyar Mando ƙarfe goma saura minti goma sha takwas.

A wurin awo aka ce kilo ashirin ne rabon kowane fasinja. Jakata kilo huɗu. Kayan Mama arba'in da biyu. Ma'aikaciyar ta ce a rage shida. Na kwance ƙunshin a ƙasa na fara ciro doya biyu. Mama ta riƙe hannuna, ta ce wannan daga gidan mai unguwa ne. Na ɗauki ƙullin acca, ta ce na gidan su Saraya ne. Duk abin da na taɓa yana da gidansa. Sai ta zura hannu can ƙasa ta ciro ɗan dutsen niƙanta da 'yarsa, wanda take niƙa citta da kanwa a kai.

Ma'aikaciyar ta rufe baki da hannu. "Mama, akwai dutse a Legas."

"Akwai, amma bai san hannu na ba." Mama ta juya shi, ta miƙa mini. "Wannan nawa ne, ba wanda ya ba ni. Shi zai zauna."

Sikeli ya nuna kilo arba'in daidai. Na bar dutsen a wurin wani mai gadi da na sani, aka buga mana tikiti saura minti huɗu.

A sama

Na ba ta kujerar taga, na ɗaura mata bel. Jirgin ya bar ƙasa ƙarfe goma sha ɗaya saura minti takwas. Lokacin da ya ɗaga, Mama ta kama gwiwata da hannu ɗaya, ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Da ya daidaita ta buɗe, ta leƙa. Gajimare a ƙasa da mu, fari fat, tsakaninsu kuma daji kore da jajayen hanyoyi sirara kamar zare.

"Ina Kwoi?"

"Tana bayanmu ta hagu. Ba za a gan ta ba."

Matuƙin ya yi magana ta lasifika da Turanci, na fassara mata: nisan tafiyar kilomita ɗari shida da arba'in, wato mil ɗari huɗu, kuma yana sa ran sauka sha biyu da 'yan mintoci. Ta tambaya daga gida zuwa Kaduna mil nawa muka yi. Na haɗa mata: kamar ɗari da arba'in da biyar, a awa ashirin da huɗu da rabi. Ta ce to wannan direban ya fi Ɗanladi sauri, amma Ɗanladi ya fi shi hira.

Bayan kamar rabin awa gajimaren ya buɗe, wani babban kogi ya bayyana, ja saboda damina, yana lanƙwasa. Na ce mata Kwara ke nan. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ne su Dauda suka ƙetare?"

Da na ce e, da ba za ta taɓa sani ba. Na ce, "A'a. Nasu Binuwai ne, a Makurdi. Yana can gabas. Amma a gaba suna haɗuwa da wannan."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da kallo har kogin ya shige ƙarƙashin fiffike.

An kawo shayi da biskit. Ta karɓi shayin, ta ɗaure biskit ɗin a bakin zane. Sannan ta kwance guzurinta, dafaffiyar gyaɗa, ta shimfiɗa ƙyalle a cinya kamar mai shirin zama har la'asar. Ba ta ɓare goma ba aka ce a ɗaura bel za a sauka. Ta ce in tambaya ko wani gari ne a hanya. Na ce Ikko ce. Tayoyin suka taɓa ƙasa sha biyu da minti ɗaya. Awa ɗaya da minti tara.

Ikko

Istifanus yana jiranmu a Ikeja, ya rame, rigarsa ba guga. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Mama, ta ɗago shi ta ce, "Kai ma ba ka ci ba." Daga filin jirgi zuwa asibitin mil tara ne. Mun yi awa ɗaya da minti hamsin a cikin gosulo, motoci a cunkushe, ga zafi, ga hon. Mama ba ta kalli benaye ba, ƙunshinta kawai ta rungume.

Lokacin ziyara sai ƙarfe huɗu, amma babbar nas ta ɗakin, wata dattijuwa Bayarabiya, ta dubi Mama ta ce wannan ba ziyara ba ce, ta buɗe ƙofa.

Rifkatu tana gado na uku, ta juya fuska ga bango, robar ruwa a hannunta. Da ban san ita ce ba da na wuce. Kwanon abincin rana yana kan loka, ba a taɓa ba. Jaririyar tana ɗan gadonta a gefe, tana barci da hannu a kunci.

Mama ba ta kira sunanta ba. Ta ajiye ƙunshi, ta wanke hannu a famfo, ta zauna a bakin gadon, ta taɓa kan Rifkatu.

"Wa ya yi miki wannan kitson? Kamar an yi da duhu."

Kafaɗar Rifkatu ta motsa. Ba ta juyo ba, amma ta laluba baya da hannun da ba allura, ta kama zanen Mama ta riƙe. Mama ta fara tsefe mata kai, layi ɗaya bayan ɗaya, tana ba ta labarin gida da murya ƙasa-ƙasa: wa ya haihu, akuyar wa ta ci cittar wa, wa ya ce a gaishe ta. Ta lissafa gidajen da sunansu. Da ta ce Tabita ma tana gaisuwa, sai Rifkatu ta juyo, ta dube ta, ta fashe da kuka. Istifanus ya ce tun ranar aikin ba ta yi kuka ba. Mama ta bar ta ta yi, hannunta bai daina tsifa ba.

Nas ɗin ta nuna mana wani lungu a bayan ɗakin inda masu jinya suke da risho. Mama ta ari turmin ƙarfe wurin wata mata, ta daka citta tana ƙorafin cewa ba ta yi laushi ba, ta dama kunun acca mai ruwa-ruwa. An tambayi likita, ya ce a ba ta kaɗan-kaɗan. Ƙarfe biyar saura kwata Mama ta tallafo kan Rifkatu a ƙirjinta, ta hura cokali, ta kurɓa da kanta tukuna, sannan ta kai bakinta.

Rifkatu ta haɗiye. Na biyu ma ta haɗiye.

"Uku," na ce, ban san a fili na faɗa ba.

"Yohanna," in ji Mama, ba ta ko dube ni ba, "fita waje ka ƙirga motoci."

Na fita. Istifanus ya biyo ni, ya jingina da bango ya rufe fuska da hannu biyu. Da muka koma kofin ya yi rabi, Rifkatu ta yi barci, Mama kuma ta ɗauki jaririyar tana duba yatsun ƙafarta ɗaya-ɗaya.

Ran Asabar Rifkatu ta shanye kofi biyu, ta ci ɗan fate da yamma. Ran Lahadi da safe aka cire robar ruwa, aka sa mata jaririyar a ƙirji, ta kama.

Komawa

Na baro Ikko da yammacin Lahadi, ni kaɗai, domin ina da labaran safe ran Litinin. Jirgin ya yi awa ɗaya da minti goma sha biyu. Ƙarfe bakwai ina ɗakina a Kaduna. Kafin in cire takalmi na rubuta wa Baba Ayuba takarda, na roƙi a karanta ta a majami'a, kowa ya ji cewa saƙonsa ya isa kuma mai jego ta ci abinci.

Godiya ga Ubangiji da ya kai mu ya dawo da ni. Ina kuma gode wa direban akori-kurar da ban tambayi sunansa ba, da Ɗanladi, da faston Kachia da matarsa, da kofur ɗin shinge, da nas ɗin da ta buɗe ƙofa kafin lokaci. Allah ya sāka wa kowa a gidansa.

An sallami Rifkatu daga asibiti bayan kwana tara. Mama ta zauna da ita har lokacin haƙar citta. Da za ta dawo Istifanus ya ce zai saya mata tikitin jirgin sama, ta ce a'a, tana so ta ga ƙasar da ta tsallake. Ta jirgin ƙasa ta dawo, kwana biyu a hanya, ni na tarye ta a tashar Kaduna.